Allon Wurin da Babu Iska

Yeh Chiu-lan ta shiga shagon kayan wasan ruwa da tef ɗin awo a wuya, kamar wadda aka kira ɗinkin labule. Shekara talatin da ɗaya tana tela a tsibirin Penghu, ba ta taɓa sa ƙafa a kan allon ruwa ba, kuma ba ta da niyya.

A tsibirinsu ma akwai shagunan wannan wasa, inda mutum ke tsayawa kan allo riƙe da fiffike mai iska, wani ƙaramin fiffike a ƙarƙashin ruwa ya ɗaga shi sama kamar an ɗauko shi a faranti. Amma iskar Penghu kan tuɓe wa mutum hula har da tunaninsa, don haka ƙananan fukafukai kawai ake sayarwa can. Ga shi kuma kwanan nan kowa a garin ya koma yi mata magana ƙasa-ƙasa. Shi ya sa ta tsallako birnin Tainan, inda ba wanda ya san ta.

Mai shagon, Ah-Kun, mutum ne mai tumbi da fatar da rana ta gasa, wanda ya yi imani babu matsalar duniya da ƙarin lita ashirin a girman allo ba za ta warware ba. Ta gaya masa buƙatarta ba tare da ta zauna ba. Ɗanta Po-yen yana wani wuri da babu iska. Da ƙaramin fiffike ya tafi, mita uku, irin na gida. Kwana uku a jere tana ganinsa tsaye a bakin wani ruwa shimfiɗaɗɗe kamar tire, fiffiken na reto a hannunsa. Bai yi ƙorafi ba, dama shi ba mai magana ba ne. Dole kayan su tashi ranar Alhamis, in ta wuce shi ke nan.

"Mita uku a ruwan da ba iska? Goggo, ai gara ya riƙe laimarki," in ji Ah-Kun. "Nauyinsa nawa?"

Ta amsa tana kallon bango.

"Kilo saba'in da shida ne a da. Yanzu ban sani ba."

Ah-Kun ya ce haka suke duka, da sun bar girkin uwa sai su koma kamar sandar cin shinkafa. Ya jawo wani dogon allo siriri mai lita ɗari da goma, ya yi bayanin cewa doguwar jiki ce ke sa shi sulɓi tun kafin iska ta yanke shawarar zuwa. Ya hura fiffike mai mita bakwai har ya tokare silin. Ya ɗora na ƙarƙashin ruwa a kan tebur, mai faɗi kamar buɗewar hannun babban mutum, ya rantse cewa da wannan ko atishawar tsohuwa ta isa ta ɗaga yaro.

Chiu-lan ba ta yi dariya ba. Ta zare tef ta hau awo. Tsawo, faɗi, kauri, lanƙwasar hanci, tazarar da ke tsakanin mariƙai biyu. Ta zana komai a bayan wata takardar kalanda, da irin rubutun da take yi wa wuyan riga.

Da ya tambaye ta sandar da ke haɗa allo da fiffiken ƙasa, mai tsadar take so ko ta alminiyom, ta ce duk ɗaya ne. Launi ne ta tsaya a kansa: shuɗi, ban da fari, fari ya ishe ta haka.

Nan Ah-Kun ya fara tsarguwa. Ya san masu zuwa su auna kaya su tafi su saya a waya, ya kuma ji labarin masu kai zane masana'anta. Amma bai taɓa ganin ɓarawon fasaha da takalmin roba da ledar busasshen kifi ba. Ya tambaye ta wane kamfani ne zai ɗauki allo mai tsawon ƙofa ya kai cikin kwana uku. Ta ce akwai mai kaiwa, kuma bai taɓa ɓatar da kaya ba.

Ta sayi abu ɗaya tak, igiyar da ke ɗaure allo a ƙafa. Ta ja ta da hannu biyu, ta sake ja, ta tambaya ko irin wannan tana tsinkewa.

"Sai dai in iska ta haukace," ya ce.

"Eh," ta ce.

Ya raka ta bakin ƙofa da shawara kyauta, tunda ciniki ya ƙi: ta gaya wa yaron kada ya bar fiffiken kusa da zafi, ko ranar tsaka ma fasa shi take yi. Ta gyaɗa kai, ta bar masa ledar kifin.

Layi biyu ta wuce, ta karya kwana bayan haikali, ta shiga wani shago mai warin manne. A ciki akwai gida mai hawa uku da bai kai ƙugunta ba, da jar mota, da firji da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, duk na gora da takarda. Mai shagon, Tsoho Ou, ya ajiye tsinken gorar da yake fiƙewa, ya karɓi takardar kalandar, ya juya ta sama da ƙasa.

"Mita bakwai, 'yar'uwa? Ba zai fita ta ƙofata ba."

"A haɗa shi a waje. Kada a rage ko inci ɗaya, can babu iska, a mafarki na gani." Ta ajiye igiyar a kan teburinsa. "Wannan ma a yi irinta, a ninka ta biyu. Gora da takarda zalla, Malam Ou, ban da waya ko ƙusa. Alhamis Po-yen yake cika kwana arba'in da tara da nitsewa a teku, ranar za mu ƙona masa su, kuma ka fi ni sani, abin da bai ƙone ƙurmus ba ba ya isa hannun mamaci."