Ranar da Kaka Ya Kira Laɗifu

Bara a Sirilanka na shiga wurin ibadar mabiya Buddha. Masu mayafi ruwan goro suna zaune, suna maimaita kalma guda ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a amya. Ɗan rakiyata ya ce hakan na kwantar musu da zuciya. Ni kuwa na san wannan amon.

Ina yaro, wata la'asar muna gonar kakana a bayan Sandamu, gero ya yi ido. Sai gabas ta yi ja, ba iska, ba ƙamshin ruwa.

"Kaka, hadari ne?"

"Fara ce," in ji shi.

Maƙwabta suka ruga suna kaɗa garewani. Shi ko ya zauna gindin gawo, ya zaro carbi: "Ya Laɗifu, Ya Laɗifu." Ban san sunan Allah ne ba. Na zaci wani ƙato yake kira ya taya mu kora, na yi ta leƙen hanya.

"Kaka, Laɗifun nan ba ya ji ne? Ga su sun iso!"

"Yana ji, sarkin gaggawa. Geron nasa ne. Ni zuciyata nake riƙewa, kada su cinye har da ita."

Inuwa ta rufe mu. Fara ta farko ta faɗo kan hannunsa, ta taka carbin. Yatsunsa ba su ƙara sauri ba.

Har yau, ko da wane harshe na ji ana maimaita kalma haka, sai na ɗaga kai na duba gabas.