Kofin Mata

"Ina namu?"

Tsohuwar mai tsaron ragar tawagar mata ta ƙasa ta gama zagaye sabon ɗakin tarihin ƙwallo. Har safar wani ɗan benci an killace a gilashi, amma babu kofin ƙasashen Balkan da ta karya yatsunta kafin su ciyo shi.

"Haba Mama, yaushe mata suka ciyo wani abu?" in ji mai gadi, yana ɓantarar 'ya'yan kabewa.

Ya sunkuya ya tofar da ɓawon cikin wani kwano mai hannu biyu a gindin kujerarsa.

Ta gane lotsawar bakin kwanon. Daga hannunta ya suɓuce ranar murna, don karyayyun yatsunta sun kasa riƙe shi.