Littafi Tara, Wuya Ɗaya

Ana gobe za mu tafi hutu ƙauyen Kaka, can cikin kwarin bayan duwatsun Bwari, na jibge littattafai tara a tsakar ɗakinmu na Garki. Wallahi tsibin ya kusa taɓo fanka.

Baba ya dawo daga ofis a gajiye, ko takalmi bai cire ba. Ya dubi tsibin ya ce, "Malam Farfesa, mota ba ta sauka kwarin nan. Duk abin da ka zaɓa, kanka ne zai ɗauka."

Ya shiga ɗora mini su a ka ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu wuyana ya fara rawa. Na biyar shi ne ƙaton nan mai hotunan dabbobi, wanda na fi so duk duniya. Yana hawa na durƙushe, na fashe da kuka.

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya buɗe jakarsa ta tafiya, ya ciro rediyonsa ya ajiye gefe, ya cusa littafin. Sati biyu bawan Allahn nan ya yi babu labarai.

Yau da na girma, bene biyu kacal nake hawa a ofis, hannu rabbana, sai na huta sau uku ina haki. Shi kuwa ya gangara kwarin nan da dabbobina a kafaɗa.