Sirdi a Bakin Ƙofa

Ranar da maigidana ya ce zai ja mazan garinmu zuwa yaƙin da Turawan Amurka suke yi da junansu, sai na kwaso sirdinsa da bargonsa da takalmansa na zube a bakin ƙofa. A wurinmu 'yan Ceroki, ƙabilar da Turawa suka tarar a ƙasar, gida na mace ne. In ta fitar da kayan miji, aure ya mutu.

Na ce, "Zaɓi ɗaya: ko ni, ko yaƙin da ba naka ba."

Ya dubi kayan, ya dubi dattawan da suka yi cirko-cirko, ya ce, "Kun ga macen kirki? Har ta haɗa mini kayan tafiya!"

Ya dawo da muƙamin kyaftin, na sake fitar da kayan. Ya ce, "Uwar 'ya'yana, kin manta lofena." Ya dawo kanar, kunnensa ɗaya saura rabi, ya zauna ya shanye mini tukunyar faten masara. Na ce, "Kai fa korarre ne." Ya miƙo ƙwarya, ya ce, "To, a ƙara wa baƙo."

Sojojinsa suna yabonsa wai bai taɓa ja da baya ba. Ni na san dalili: mutumin ba ya gane an kore shi.

Bayan girbin masara sojojin suka zo, babu shi. Suka ajiye sirdin da bargon da takalman daidai inda na saba zubarwa.

Ban bari raɓa ta taɓa su ba. Da hannuna na mayar da su ɗaki.