Ɗigon Wuyanta

"Wannan ba tawadar Allah ba ce, kansar fata ce," in ji likita, yana nuna baƙin ɗigon da ke wuyan matata. "A kowace ƙwayar jiki akwai furotin mai tsawata mata idan ta fara hayayyafa barkatai. Nata ya yi shiru, har cutar ta kai huhu. Da bara kuka zo, da mun yanke shi."

Ta matse hannuna. "Sakacina ne, likita, ban lura ba."

Ƙarya take yi. Sau uku bara tana ɗaukar jaka za ta asibiti, ina tare ƙofa ina dariya: "Haba gimbiya, a taɓa min ɗigon nan? Saboda shi fa na aure ki."