Abin da Didi Ta Faɗa

Uwar ta dire takardar kusa da tukunyar shinkafa.

"Majalisar jiha ta ba ku damar ɗaukar darasi daga wajen makaranta, ɗaya tak! 'Ya'yan maƙwabta sun zaɓi kwamfuta da aikin jinya, ke kuma maganar hannu? Wa zai ɗauke ki aiki don kaɗa yatsu?"

"Ma, ki dai sa hannu," in ji ƙaramar 'yarta.

Ta sa, ranta a ɓace. Wata biyar yarinyar tana hawa bas zuwa wata cibiya a gari duk Laraba, uwar ba ta taɓa tambayar abin da ta koyo ba.

Babbar 'yarta, wadda ƙanwar ke kira Didi, wato yaya, kurma ce. Tun da ta dawo daga makarantar kurame take zaune bakin taga tana ɗinki, ba mai yi mata nuni sai na abinci da wanka.

Wata yamma uwar tana gyaran kifi, ta ga yatsun 'ya'yanta biyu suna ta kai-komo. Sai babbar ta juyo gare ta, ta motsa hannuwa a hankali.

"Me Didinki take so? Ruwa?"

Ƙaramar ta girgiza kai. "A'a, Ma. Cewa ta yi ran da kika kai ta makarantar nan tana 'yar shekara shida, ta hango ki kina kuka a bayan ƙofa. Ta daɗe tana son gaya miki ba ta yi fushi ba."

Uwar ta goge hannuwanta a gefen sari, dogon zanen da ta naɗa a jikinta, ta ɗaga su.

"Nuna min yadda ake amsawa."