Ɓeran Azumi Mai Kunnen Ƙashi

Tun da Hukumar Garkuwar Jiki ta koya wa jinin ɓera jin magana, cuta ba ta ƙara shiga garin nan ba sai da izini. Kowane gida an ba shi farin ɓera. Ana yi masa allurar saƙo, ƙwayoyin jininsa su fito da kunnuwa, su jiyo cuta kafin ta kama masu gida.

Ran Alhamis Azumi mai waina ta kai nata awo. Jami'in hukumar ya daɗe yana leƙen ɗigon jinin ɓeran.

"Iya, ɓeran nan kunnen ƙashi gare shi. An aika saƙo, jininsa ya ƙi fito da kunne ko ɗaya. Me kike ba shi?"

"Abin da muke ci. Tuwo da miyar kuka."

"Ki bar shi a kashe, mu ba ki sabo. In kin ƙi, a rufe gidanki har tsayuwar wata."

Azumi ta dubi bayansa, inda 'yan makaranta suka yi layi, kowa ya naɗe hannun riga yana jiran tasa allurar saƙon.

"Ɗan nan, ɓeran nan a hannuna ya tashi. Ubana ma bai iya sa ni jin magana ba, balle allurarku."

Ta tura kejin ƙarƙashin mayafi ta fice.

Kafin la'asar aka garƙame gidan, da ita da ɓeran a ciki. Mijinta Barau, da ya fita sayo mata gawayi, ya dawo ya tarar da kwado. Ya ajiye buhun, ya karkaɗe dakali, ya yi matashi da takalmansa.